Amsa ga Yaya kan ruwan sama a ƙasar Marathi

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Yaya, na ji muryarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce kin ga bidiyon Mumbai ruwa ya kai wa mutane ƙugu a kan titi, kika ce wai mutanen da ruwa ke yi wa ɓarna haka me ya sa a fim kullum sai tiƙar rawa cikinsa, kuma ko mutanen Pune inda na yi karatu ma haka suke. To ki gyara zama, zai ɗan yi tsawo.

Fina-finan da muka taso muna kallo na harshen Hindi ne. Mumbai kuwa babban birnin jihar Maharashtra ce, 'yan asalin jihar yarensu Marathi, sun haura mutum miliyan 80, kuma suna da nasu fina-finan da nasu mawaƙan daban. Wancan ruwan na rawa galibi ma na tanka ne, da mesa ake fesa shi. Su ma Marathi suna waƙar soyayya da ruwa, ban ce ba sa yi ba. Amma in kika bi manyan ayyukansu za ki ga ruwan manomi ne a ciki, wanda ake jira, ake roƙo, wani lokaci har a zage shi.

Dalilin yana ga ƙasar kanta. Iskar damina tana tasowa daga Tekun Larabawa, ta sauka Kerala wajen 1 ga Yuni, ta iso Mumbai wajen 10 ga wata. Daga nan zuwa Satumba ake samun kusan duk ruwan shekara. To a bayan gaɓar teku akwai jerin duwatsun Sahyadri, sun tsaya kamar katanga daga arewa zuwa kudu. Hadari in ya zo sai ya juye kayansa a gabansu. Yankin gaɓa da ake kira Konkan yana samun wajen milimita 3,000 a shekara, Mahabaleshwar da ke can saman dutse ta wuce 5,000. Kina gangarowa ta ɗaya gefen, Pune ɗari bakwai da 'yan kai take samu, kusan irin na Kano. Ki ƙara gaba gabas, su Solapur, Beed, Latur, ƙasa ce ta dawa da gero. Wallahi Yaya, dawa da gero irin namu. Matan ƙauye suna kwaɓa garin, su faɗaɗa shi da tafin hannu, su gasa a kan tanda, sunansa bhakri. A fasa albasa da dunƙulen hannu, a haɗa da dakakken ɗanyen barkono, abincin rana ya samu a bakin gona. Su kuma na Konkan suna can sunkuye cikin taɓo suna dasa shinkafa, kowa ya kifa wata saƙar gora da ganye daga ka har gadon baya don hannuwansa su samu yin aiki. Jiha ɗaya ce fa, amma kukan na yamma ruwa ya yi yawa, na gabas kuma bai zo ba.

A waƙa, 'yan makaranta suna haddace ta wani mawaƙi Balkavi a kan watan Shravan, wato wajen Agusta, lokacin da ko'ina ya yi kore, yanzu yayyafi, an jima rana. Ya rasu a 1918 bai kai shekara 30 ba. Tana da daɗi, amma ni ba ita ce ta kama ni ba.

Wadda ta kama ni ta Kusumagraj ce, mutumin Nashik a bakin kogin Godavari. Wani tsohon ɗalibi ne ya zo wa malaminsa cikin ruwa, kaya duk taɓo. Yake ba shi labari wai kogi ya kawo musu ziyara gida, irin ta 'yar da ta zo ganin iyayenta daga gidan miji, ya yi wasansa a tsakar ɗaki, kuma ai ba ta komawa hannu biyu, ya tafi da komai. Bango ya faɗi, murhu ya mutu, yanzu shi da matarsa suna kwashe laka. Malam ya kai hannu aljihu, sai yaron ya ce a'a, ba kuɗi ya zo nema ba, kaɗaici ne ya dame shi, a dai dafa masa baya a ce masa ya ci gaba da fama. Ki ga yadda aka yi wa ambaliya ba'a alhali ana cikin hawaye. Duk ɗan Marathi da na taɓa yi wa zancenta sai ya karanto mini ita da ka.

Kuma da yawa cikin mawaƙansu manoma ne na gaske. Bahinabai Chaudhari ba ta yi karatu ba, tana niƙa tana noma take rera nata, ɗanta ne ya riƙa rubutawa, sai bayan rasuwarta a 1951 aka buga. N. D. Mahanor, wanda ya rasu a 2023, gonarsa na kusa da Ajanta, a can ya zauna yana noma yana rubutu, har da waƙoƙin fim.

A fim kuma akwai Gabhricha Paus na 2009, na Satish Manwar, sunan ma kansa zagin ruwan ne. A Vidarbha aka kafa labarin, ƙasar auduga, inda bashi ya sa manoma da yawa suka hallaka kansu, Allah ya kiyaye mu. Maƙwabcin wani manomi ya yi hakan, sai matarsa da uwarsa suka tsorata kada shi ma ya bi sahu. Suka sa masa ido, ana tura ɗansa ya bi shi gona, ana yi masa girki mai daɗi da kuɗin da babu. Shi kuwa bawan Allah hankalinsa na kan sama kawai. Ya yi shuka ruwa ya ɗauke, ya ci bashi ya sake, in kuma ya tashi zuwa ya zo da yawa. Za ki yi dariya a wasu wuraren, sai daga baya ki ji ba daɗi da kika yi. Wanda ya taɓa yin shuka sau biyu a damina ɗaya ba sai an fassara masa ba.

Killa na 2014 shi kuma a Konkan ne. Yaro ne mahaifinsa ya rasu, aka yi wa uwarsa canjin wurin aiki daga Pune zuwa bakin teku, ga ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga rashin aboki. Ya ci kyauta a bikin fina-finai na Berlin a shekarar.

Bukukuwansu ma damina ce ke jan su, ko da yake wannan harkar addininsu ce. Manomi yana jiran shigar tauraron Mrig wajen 7 ga Yuni kafin ya yi shuka. Bayan shuka dubban ɗaruruwa su taka a ƙasa daga Alandi da Dehu zuwa Pandharpur, wajen mako uku ana tafiya. A Shravan masunta su jefa wa teku kwakwa kafin su koma kamun kifi, manoma kuma su ware rana guda ta shanun noma, a yi musu wanka, a shafa wa ƙahonninsu fenti, ranar ba garma.

Bidiyon da kika gani kuwa, Yaya, ba komai ba ne a kan 26 ga Yulin 2005. Ranar Mumbai ta sha milimita 944 cikin awa 24, fiye da abin da Pune ke samu a shekara, mutum sama da 1,000 suka mutu a jihar. Fari kuma, na 1972 shi ne tsofaffinsu ke ba da labari, daidai shekarun da namu farin ya kashe dabbobi a Arewa da Nijar. Daga nan gwamnatin jihar ta ƙarfafa tsarin ba talakan ƙauye aikin lada, wanda Indiya duka ta ɗauka a 2005. A 2016 kuma sai da aka riƙa kai wa Latur ruwan sha a jirgin ƙasa daga Miraj, tafiyar sama da kilomita 300.

Nan ne ni nake ganin ba duka laifin sama ba ne. A wannan busasshen yankin ake noma rake, mai shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, don masana'antun sukari da yawa na hannun 'yan siyasa. Talakan Beed da gonarsa ta ƙone shi ne kuma zai kwashi iyali ya tafi cin rani yankan raken wani.

In za ki nema, ki fara da Killa, za ki iya kallo da yara, ana samunsa da fassarar Turanci a ƙasa. Ɗayan ki bari sai sun yi barci. An kira magariba, ki gaida Baban su Ummi, sai an jima.