Amsa ga ɗan'uwan da aka ce jininsa ya nuna garkuwar korona

Wa'alaikumus salam ƙanina. Tun da safe na ga tambayarka, na so in wuce tunda wasu sun riga sun amsa, amma da na karanta abin da suke rubuta maka, wai "ai shi ke nan ka tsira, sha kuruminka", sai raina ya ƙi. Ka ce a wurin aikinku an ɗebi jininku, aka ce naka ya nuna garkuwar korona alhali ko ciwon kai ba ka tuna ka yi ba. Ga Baba zai taso daga gida ya zo ganin likitan ido, yana da suga da hawan jini, ɗakinka kuma ɗaya ne a Idi-Araba. Kana son sanin ko kai ka kuɓuta, ko za ka iya shafa masa, ko har yanzu sai ka yi allurar rigakafi. Wannan hanyar na bi ta da ƙafata, sai dai ni yayana ne abin ya shafa, wanda ya kawo ni Legas ya koya min harkar gwari a kasuwar Mile 12. Allah ya jiƙansa.

Takardar nan da ke hannunka labarin baya take bayarwa. Kamar sawun ɓarawo ne a tsakar gida, ya nuna an shigo, bai ce ba za a sake shigowa ba. Wani likita ne ya zaunar da ni ya yi min bayani bayan rasuwar Yaya. Ya ce idan ƙwayar ta shiga jiki, sai an yi mako ɗaya zuwa uku kafin garkuwar ta bayyana a jini, ta zauna watanni, daga nan ta riƙa raguwa. Don haka gwajin jini ba zai gaya maka ko yau kana ɗauke da cutar ba. Wannan aikin gwajin hanci ne, na tsinken audugar nan mai sa mutum hawaye. Kuma tunda nau'in koronar da ake kira Omicron ta shigo a ƙarshen 2021, mutum nawa muka sani a zauren nan da suka yi ta biyu? Wanda ya taɓa yi yawanci tana zuwar masa da sauƙi, gaskiya ne, amma tana zuwa, kuma yana iya miƙa wa na kusa da shi.

Batun ba ka taɓa kwanciya ba kuwa, kada ya ɗaure maka kai, haka akasarinmu muka yi ta a tsaye. Tsakanin Satumba da Oktoban 2020 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta NCDC da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba sun bi gida-gida suna ɗibar jini a jihohi huɗu, Legas da Inugu da Nasarawa da Gombe, mutum sama da 10,000. A Legas kashi 23 cikin 100 aka samu da garkuwar, a Gombe kashi 9. Wato watanni takwas kacal bayan Ba'italiyen nan da aka fara samu da cutar a Najeriya a ranar 27 ga Fabrairu, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a garin nan ta riga ta ratsa shi, miliyoyin mutane ke nan, a lokacin da lissafin gwamnati na waɗanda aka tabbatar a Legas bai wuce dubbai ba. Sun kuma ga ta fi kama maza, da 'yan birni fiye da 'yan ƙauye, da masu shekara 18 zuwa 64. To su wane ne waɗannan in ba mu ba? Mu masu fita tun asuba, a cusa mu huɗu a benci ɗaya na danfo, motar hayar Legas, kwandasta na ihu a kan fuskarka, a sauka kasuwa a yi ta ciniki baki da baki da mutanen da suka kwana a bayan tirela daga Kano da Jos. Wannan kuma kafin guguwa ta biyu ne, kafin nau'in Delta, kafin Omicron. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a Afrilun 2022 ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu, mafi yawa ba tare da wata alama ba. Kai ba wani abin mamaki ba ne ƙanina, ɗaya ne cikin taro.

Wanda nake jiye wa shi ne Baba.

Yaya ya haura sittin, yana da suga, ga jiki. A Janairun 2021, ana tsakiyar hazo, ya fara da zazzaɓi da kasala. Akwai wani mai kemis a layinmu a Agege, ba zan kama suna ba, wasunku sun san shagon. Mutumin nan ko gwajin maleriya na tsinke bai yi masa ba, ya taɓa goshinsa ya ce maleriya ce da taifot. Ya ɗaura masa ruwa a bayan shago, kan benci, kuma ya san mai suga ne. Kullum da yamma allura, kullum kuɗi. Da na ce masa Yaya fa ya ce ba ya jin ƙamshin komai, har turaren da yake shafawa na Juma'a, dariya ya yi. Ya ce korona ta 'yan Ikoyi ce masu hawa jirgi, talaka mai shan rana ba ruwansa da ita, in kuma muka kai shi asibitin gwamnati za su kulle shi su ci kuɗi da sunansa, ko gawarsa ba za mu gani ba. A gaban Yaya ya faɗi haka. Daga ranar Yaya ya kafe, ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗe ba zai je asibiti ba. Wannan maganar ce ta fi ci min rai har gobe, don maganin banza da ya sayar mana ana iya cewa jahilci ne, amma tsoron da ya dasa wa mara lafiya fa? Har yanzu shagon na nan, har ya ƙara firiji. In na zo wucewa nakan tsallaka titi.

Daren da abin ya ƙwace, wajen ƙarfe ɗaya matarsa ta buga min ƙofa. Na tarar da shi zaune a bakin katifa ya dafa gwiwoyi, don in ya kwanta numfashi ɗaukewa yake. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Yana son ya ce min wani abu, kalma ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, ƙirjin na lotsawa ta ƙasan wuya. Lokacin akwai dokar hana fita daga sha biyun dare zuwa huɗu na asuba, titi babu kowa, da ƙyar wani maƙwabci Bayarabe mai tsohuwar mota ya yarda ya ɗauke mu, Allah ya saka masa. Asibitin kuɗi na farko, mai gadi ya haska fitila ta taga, ya ji tarin, ko ƙofa bai buɗe ba. Na biyu nas ta fito ta tsaya daga nesa, ta ce ba gado, ba oksijin, mu yi gaba. Na durƙusa mata a ƙasa, ni da gemuna, na ce ko a baranda a sa masa iskar, nawa ne zan biya. Ta juya ta shige. Ina riƙe da kansa a kujerar baya, yana damƙe min hannu, ina ta maimaita masa kalmar shahada, direba na kuka yana tuƙi. Sai da gari ya waye muka samu aka karɓe shi a wata cibiyar gwamnati, kuma wallahi sun yi iya ƙoƙarinsu. Da suka maƙala masa ɗan abin nan na auna oksijin a yatsa, na ga likitan ya dubi nas bai ce komai ba. Daga baya ya ce min da an kawo shi tun farkon makon da an samu abin kamawa. A watan ne gwamnan Legas Sanwo-Olu ya ce buƙatar oksijin ta ninka sau biyar. Gawar kuma sun ba mu, aka yi masa salla, aka rufe shi kamar kowane Musulmi, saɓanin ƙaryar mai kemis.

Bayan nan aka zo aka yi wa 'yan gidan gwajin hanci. Ni na fito da ita, ɗansa babba ya fito da ita, dukkanmu garau muna cin tuwo. Wa ya kawo ta gidan? Allah kaɗai ya sani, gida ne mai ɗaki goma sha, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Amma sai da wasu dangin matarsa suka riƙa yaɗawa a can gida wai mu muka kai shi aka kashe shi da allura. Ku bar ni kawai.

To ga abin da zan ce maka, ka ɗauki wanda ya yi maka. Ka je ka yi allurar. A Maris ɗin 2021 aka fara yin ta, kyauta aka riƙa yi a cibiyoyin lafiya na unguwa, ni na yi har da ta ƙari, ban da ciwon dantse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ba abin da na gani, kuma bayanta matata ta haihu, don masu cewa tana hana haihuwa. Wanda ya taɓa kamuwa sannan ya yi allura garkuwarsa ta fi ta wanda ya tsaya a kan kamuwar kaɗai. Amma wanda ya fi ka buƙata Baba ne, kuma a can gida ya kamata a yi masa tun yanzu, don sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara aiki. Na san dattawanmu, musamman mutanen Kano da ba su manta abin da ya faru da yara a gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, ban ga laifinsu ba. Kada ka yi masa gardama ta waya, ka nemi wanda yake jin maganarsa, limaminsu ko wani sa'ansa da ya yi.

Ɗakin nan naka, tagar ta kasance a buɗe ko da sauro, ka saya masa gidan sauro. Iska ce ke kwashe ƙwayar, ɗaki rufe da fanka na juya numfashin mutum biyar shi ne masifar. In ka ji ko maƙogwaro na yi maka ƙaiƙayi, ka kwashi tabarmarka ka koma wajen abokai, kada ka ce ai mura ce. Masu zuwa gaisuwa kuma, ka san mu, Baba ya zo daga gida kowa sai ya zo ya durƙusa ya riƙe hannu, a fitar da kujera waje a gaisa a can. Ranar asibiti ya sa takunkumi, don layin jira ya fi ko'ina tara masu tari. Af, kuma kada ka bari ya hau motar dare ta tirela don araha, ku haɗa masa kuɗin bas mai kyau, ya zauna gefen taga.

Ka sayi abin auna oksijin na yatsa, manyan shagunan magani suna da shi, bai kai kuɗin da na zubar wa mai kemis ba. In ya yi zazzaɓi ka ga lambar tana sauka ƙasa da 94, ko yana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, asibiti kai tsaye, da rana, kada ka jira dare. Akwai waɗanda iskarsu ke sauka suna zaune suna hira ba su sani ba. Sugan ma a riƙa aunawa, zazzaɓi na hargitsa shi, kuma ya taho da magungunansa da katinsa na can, likitan ido ba zai taɓa shi ba sai suga da jini sun daidaita. In insulin yake yi ka nemi maƙwabci mai firiji da janareto tun kafin ya iso, ka san halin wutar Idi-Araba.

Ka rubuto mana ranar da zai sauka da tashar da motar za ta tsaya. In Agege ce ina kusa, akwai yaron shagona mai Keke, sai ya ɗauko shi da kayansa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.