Faifan bikin da ya ƙi buɗewa a Amurka: in sayi na'urar juyawa ko in haƙura?

Wani mai sana'ar ɗaukar bidiyon biki a Kano ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya buga wa wani kwastoma faifan DVD na auren 'yarsa, aka aika wa dangi a Amurka, faifan ya ƙi buɗewa a na'urarsu, alhali a nan garau yake yi. Sannan bidiyon da ya kai awa 3 ba ya shiga faifai ɗaya sai hoton ya lalace. An yi masa tallar wata na'ura mai juya bidiyo, yana tambaya ko ya cire daga jarinsa ya saya, kuma nawa zai riƙa caji.

Malam, kada ka sayi na'urar nan. Kwamfutar da kake tace hoto da ita za ta yi aikin, kuma ta fi yin sa da kyau. Amma sai ka fahimci abin da ya faru, domin a nan kuɗinka yake.

Faifanka lafiyarsa ƙalau. Talabijin ɗin duniya ne ya rabu gida biyu tun zamanin da, bisa ga irin wutar lantarkin kowace ƙasa. Najeriya da Gana da Ingila da Jamus suna kan tsarin PAL, wanda a DVD yake da ɗigo 720 a kwance da layi 576, yana nuna hoto 25 a daƙiƙa. Amurka da Kanada da Japan suna kan NTSC: 720 da layi 480, hoto 29.97 a daƙiƙa. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta tsarin biyu, shi ya sa ba ka taɓa cin karo da matsalar ba. Na Amurka kuwa da yawansu NTSC kaɗai suka sani. Wani zai ce maka kullen yanki ne, wato lambar da kamfanonin fim ke sa wa faifai, Amurka yanki na 1, mu yanki na 5. Ba shi ba ne. Faifan da ka buga da kanka a shago ba ya ɗauke da wannan kulle.

Juyawar tana da tarko, kuma tarkon shi ne a ɗauko faifan PAL da aka riga aka gama a juya shi. Bidiyon DVD an matse shi da tsarin MPEG-2, wanda ke zubar da wani ɓangare na hoton don ya rage nauyi. Ka sake matse shi, ka zubar sau biyu ke nan. A inda za ka ga ɓarnar shi ne wajen kamu ko dina: leshin amarya mai duwatsu ya koma dishi-dishi, in ana rawa ana liƙi fuskokin mutane su farfashe zuwa 'yan murabba'ai. Iyayen da suka kashe kuɗi a kan wannan leshi shi za su fara dubawa. Saboda haka ka koma ga asalin abin da kyamara ta ɗauka, ka fitar da NTSC daga can kai tsaye. In ka saba goge asalin aiki da zarar ka miƙa faifai, ka daina daga yau. Kuɗin da za ka ba mai na'ura ka sayi ma'ajiyar bayanai ta waje da su.

Manhajar FFmpeg kyauta ce, kuma tana da saiti na musamman don DVD na PAL da na NTSC. DVDStyler ma kyauta ce, ita ke yi maka shafin zaɓi ta haɗa faifan. HandBrake kuwa MP4 take fitarwa, ba ta haɗa faifan DVD, kada ka ɓata lokaci. Ka kula da abu biyu: in an ɗauki hoton da faɗin 16:9 ka bar shi a 16:9, in ba haka ba amarya za ta fito doguwa siririya kamar an ja ta, sautin kuma ka sa shi a AC3, domin shi ne na'urorin Amurka ba sa gardama da shi. Akwai masu juyawa ta hanyar rage gudun bidiyon daga hoto 25 zuwa 23.976. Hoton yana fita sumul, amma awa 2 za ta ƙaru da kusan minti 5, muryoyi kuma su ɗan yi kauri in ba a gyara sautin ba. A bikin da aka yi karatun Alƙur'ani ko aka gayyato mawaƙi, kunne zai kama wannan.

Yanzu batun girma, wanda lissafi ne kawai. Faifan da aka rubuta wa 4.7GB kwamfutarka za ta nuna shi 4.37, don ita da 1024 take ƙirga, kamfani kuma da 1000. In ka cire ɗan wurin shafin zaɓi, abin da ya rage kusan megabit 36,000 ne (megabit ma'aunin nauyin bidiyo ne), in ka raba shi da daƙiƙa 60 na minti ɗaya ya ba ka 600. Hanya mafi sauƙi: raba 600 da yawan mintunan bidiyon, abin da ya fito shi ne megabit ɗin da kowace daƙiƙa za ta samu. Minti 90 zai ba ka kusan 6.7, minti 120 ya ba ka 5, minti 180 kuma 3.3. Ka cire 0.2 na sauti, sauran ka rubuta wa manhajar, ka zaɓi matsewa mai zagaye biyu. A zagayen farko tana nazarin bidiyon, a na biyu ta rage wa wurin da liman ke zaune yana addu'a ta ƙara wa filin rawa. Ko bidiyon gajere ne kada ka wuce 8, duk da dokar DVD ta yarda har 9.8, domin ƙananan na'urori kan riƙa sarƙewa.

A ganina daga 5 zuwa sama aiki ne da za ka sa sunan shagonka a kai. A 3.3 kuwa biki mai motsi ba ya kyau. Akwai faifai mai hawa biyu na 8.5GB, amma ya fi tsada, kuma tsofaffin na'urori kan tsaya a inda hawa na farko ya ƙare. Ni faifai biyu zan zaɓa: ɗaurin aure da walima a ɗaya, kamu da dina a ɗaya. Kuma ka yi wa kanka adalci, awa 3 ɗin nan duka ake kallo? Sau da yawa tacewa mai kyau za ta dawo da shi awa 2.

Sai kuɗi. Kuskuren da masu sana'arku ke yawan yi shi ne caji a kan faifai, alhali faifan ne mafi arha a cikin aikin. Abin da kake sayarwa lokacin kwamfuta ne da man janareta da idonka. Ka raba farashi biyu. Na farko kuɗin juyawa, sau ɗaya, gwargwadon mintuna. Don ka san shi, ka auna awa nawa kwamfutarka ke ci a kan bidiyon awa ɗaya, ka lissafa man da aka ƙona, ka ɗora ladan aikinka da ɗan abin da zai rufe asara in wuta ta ɗauke ana tsakiyar matsewa. Na biyu kuɗin kowane kwafi: faifai, kwali, bugun hoto, da rarar faifan da kan lalace. Ka karɓi kafin alƙalami, domin faifan NTSC na bikin wani ba wanda za ka sayar wa in mai shi ya fasa.

Tun ranar da ake ciniki ka tambaya: akwai waɗanda za a aika wa a waje, kuma wace ƙasa? In Landan ce ko Jamus, faifanka na kullum ya isa, kada ka karɓi kuɗin aikin da ba a buƙata. In Amurka ce ko Kanada, ka rubuta NTSC ɓaro-ɓaro a jikin faifan don kada a cakuɗa.

Dalilina na ƙarshe na hana ka sayen na'urar shi ne kasuwar faifai ja da baya take yi. Sababbin kwamfutocin hannu da yawa ba su da wurin sa faifai ma. Fayil ɗin MP4 a fulash ko ta intanet ba ruwansa da PAL ko NTSC, waya da talabijin na zamani duk suna buɗe shi. Shi ya kamata ya zama babban abin da kake miƙawa, faifai ya zama ƙari ga dattawan da suka saba da shi.

Wata rana wani zai kawo maka fim ɗin Kannywood ko na Indiya ya ce ka juya masa kwafi 50 zai kai waje. Wannan ba bikinsa ba ne, haƙƙin wani ne, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi hukunci a kai. Sai ya nuna maka takardar izinin mai fim ɗin. Shi kuwa kwastoman da faifansa ya ƙi buɗewa, ka kira shi yau ka yi masa bayani, ka juya masa kyauta, ka tura wa danginsa MP4 kafin faifan ya isa.