Yaro bai ci komai ba, daga ina sugansa ya hau?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 yana da ciwon suga, yana kan allurar insulin tun bara. Makon nan maruru ya fito masa a cinya, wurin ya kumbura ya yi ja, ga zazzaɓi. Da na ga ya ƙi tuwo sai na tsallake allurar dare, amma da safe na'urar auna suga ta nuna 340. Daga ina? Wata uwa ce daga Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Sugan daga hantarsa ya fito. Duk lokacin da jiki ke faɗa da cuta, ko maruru ne ko maleriya ko murar hunturun nan na Jos, yakan saki sinadarai irin su kotisol da adirenalin. Su ke sa hanta ta zubo sugan da ta adana, ta kuma ƙera sabo. Kumburin kuma yana sa jiki ya rage jin insulin. Shi ya sa mai zazzaɓi yakan buƙaci ƙarin insulin, ko da cikinsa wayam. Abin kuma zagaye ne: yawan suga yana kashe wa fararen ƙwayoyin jini ƙarfi, sai marurun ya ƙi warkewa.

Kuskuren yana wajen tsallake allurar. Allurar insulin mai dogon zango ba a barinta ko da yaro bai ci ba. In babu ita, jiki zai koma ƙona kitse, gubar da ake kira kiton ta taru, jini ya yi tsami. Wannan ke kai yara ga suma.

Ki riƙa auna suga duk bayan awa biyu, har cikin dare. In ya wuce 250, ki tsoma tsinken gwajin kiton a fitsarinsa. Launin ya koma shunayya mai duhu, to kiton ya yi yawa. Ƙarin da aka saba bayarwa na insulin mai saurin aiki ne, kashi 5 zuwa 20 cikin 100 na jimillar allurarsa ta yini gwargwadon yawan kiton, amma likitansa ne zai yanke adadin, kada ki ƙiyasta. Ki ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. In sugan ya sauko ƙasa da 180 kuma har yanzu ba ya ci, a ba shi kunu ko shayi mai ɗan suga, a ci gaba da allura. Amai da gudawa su kan kayar da suga ne, ƙasa da 70 a ba shi zaƙi nan take.

Marurun kuwa kada a matse, kada a kai wa wanzami. A asibiti za a duba ko ya nuna a tsaga, a rubuta maganin ƙwayoyin cuta. Ki kiyayi haɗin kemis, don wasu na jefa dexamethasone ko prednisolone a ciki, su kuwa suna cilla suga sama sosai. Allura ma a koma yi a fatar ciki ko ɗaya cinyar.

In ya fara amai ba tsayawa, yana kukan ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, bakinsa na ƙamshi kamar ayaba da ta nuna ta wuce, ko yana ta gyangyaɗi, kada ki jira gari ya waye. Ki nufi sashen gaggawa na yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibiti mafi kusa, da insulin ɗinsa da takardar awonsa a hannu.