Kada ka kai kwamfutarka wajen mai gyara tukuna

Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya same ni ke nan shekarar da nake aikin kammala karatu. Ka ce kana kan Ubuntu (wani nau'in Linux), kana son yin zanen alƙaluma a Python da manhajar zane ta Matplotlib, ka rubuta plt.plot, har plt.show() ka sa a ƙarshe, kod ya gudu lafiya, amma zane shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta ƙalau.

Ni farashin albasa nake bibiya. Wata huɗu ina zarya zuwa Aliero, ina tsugunawa gaban dillalai ina rubuta kuɗin buhu a littafi, in dawo Birnin Kebbi in shigar cikin CSV, wato fayil ɗin jera alƙaluma. Saura kwana uku in kai wa malamin da ke duba aikina, zane ya ƙi fita. Sai wani abokina ya ja ni shagon wani mai gyara, wai gwani ne. Bawan Allahn nan ko kod ɗin bai buɗe ba. Yana cin gyaɗa yana latsa waya ya ce bairos ne, in dawo bayan la'asar. Da na dawo ya goge komai ya sake ɗora Ubuntu sabuwa fil. Na ce ina fayilolina? Ya ce ai ban gaya masa akwai abu a ciki ba. Kuma ya miƙo hannu ya karɓi kuɗinsa cif, har yana cewa ya yi mini ragi. Har yau in na bi ta layin nan sai na kawar da kai.

Dare biyu na kwana ina sake shigar da alƙaluma daga littafi, ba wuta, fitilar waya a baki, sauro na shagalinsu. Wasu shafukan ruwa ya taɓa su, sai na kanga su a haske kafin in gane bakwai ne ko ɗaya. Na gama, na sake gudanar da kod ɗin. Zane bai fito ba. A nan ne na yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba.

Wata 'yar ajinmu ce ta sa yatsa kan layin da na yi ta tsallakewa a terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, mai cewa FigureCanvasAgg is non-interactive. Duba naka da kyau, ina kyautata zaton yana nan. Matplotlib ba ta buɗe taga da kanta, sai ta jingina da manhajojin buɗe taga irin su tkinter ko Qt. In ba ta samu ko ɗaya ba sai ta koma kan Agg, shi kuwa Agg a fayil kaɗai yake zane, ba ya nunawa a allo. Python ɗin Ubuntu kuma sau da yawa ba ya zuwa da tkinter. Rubuta sudo apt install python3-tk, ka sake gwadawa. Abin da ya cinye mini kwanaki, gyaransa minti biyu bai kai ba.

Af, in za ka ajiye hoton da plt.savefig, sa shi kafin plt.show(). Na taɓa sa shi a baya, na tura wa malam hoto fari fat ban duba ba. Kuma in taga ta buɗe babu layi a ciki, koma kan alƙalumanka. Ni 45,000 nake rubutawa da waƙafi, pandas, manhajar da ke karanta CSV ɗin, ta ɗauke shi rubutu, da na tilasta ta mayar da shi lamba duk ya zama NaN, wato ba lamba ba. In a Jupyter (shafin rubuta kod a burauza) kake wani lokaci, %matplotlib inline a sama ya wadatar. Kada kuma ka raɗa wa fayilinka suna matplotlib.py, shi Python zai ɗauko maimakon na gaskiya.

Don Allah yanzu, kafin ka taɓa komai, tura wa kanka fayilolin aikinka ta imel ko WhatsApp. Sannan ka gudanar da matplotlib.get_backend(), mai faɗin ko Agg ne ko waninsa ke zane, ka faɗa mana abin da ya nuna, ina nan har bayan isha'i in caji bai ƙare ba.