Ka fara da ƙaramar tutar, ɗana

Ɗana, na ga tutocin nan bakwai da ka turo, na kuma karanta tambayarka. Ka ce: "Maigida, kwana huɗu na yi a kan tutar Masarautar Dutse kaɗai, amma da aka ɗora su a taswirar wasan sai mai haɗa wasan ya ce ba ya bambance rundunar Dutse da ta Fadama. Hannuna ne bai faɗa ba, ko kuwa?"

Hannunka ya faɗa. Dodon nan mai aman wuta da ka zana, na daɗe ina kallonsa, har ɓawon wuyansa ka bi ɗaya bayan ɗaya ka sa masa inuwa. Inda aka samu matsala shi ne ka zana wa allonka na shago, mai wasa kuwa a waya zai gani. Buɗe tutar Dutsen yanzu, ka rage ta zuwa ɗigon allo (pixel) 32 a tsaye, 32 a kwance. Kusan haka girmanta zai kasance a saman kan runduna, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Me ka gani? Koren dodon da jan filin sun cakuɗe sun zama ruwan ƙasa, kambin zinariya ya koma ɗigo biyu, takubba sun ɓace, rubutun ƙasan ya zama datti. Ita ma ta Fadama, jan doki a kan kore, ruwan ƙasar ta koma. Mutumin gaskiya ya faɗa maka.

Wannan ciwon tsoho ne. A Turai cikin ƙarni na 12 aka fara tsara tambarin garkuwa da tuta da ake gado daga uba zuwa ɗa. Barde ya sa sulke, kwalkwali ya rufe masa fuska, ga ƙura, ga dawaki na sukuwa, dole a gane nasu daga nesa cikin ƙiftawar ido. Mai wasanka ma haka yake: runduna goma na motsi a taswira, yatsansa na kan allo, ba shi da lokacin tsayawa duba ɓawon dodo. Shi ya sa nake son ka ɗauki dokar masu wancan zane da muhimmanci.

Sun raba launuka gida biyu. Gida na farko suna kiransa ƙarafa, wato zinariya da azurfa, waɗanda a zane su ne rawaya da fari. Gida na biyu ja ne da shuɗi da kore da baƙi da shunayya. Dokar ita ce ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe, ba a ɗora launi a kan launi. Idan filin ja ne, abin da ke kansa ya zama rawaya ko fari. Idan filin fari ne, abin ya zama mai duhu. Dubi zakuna uku na Ingila, rawaya a kan ja, tun zamanin Richard na Ɗaya a ƙarshen ƙarni na 12. Dubi furannin sarakunan Faransa, rawaya a kan shuɗi, waɗanda da farko a warwatse suke cike da garkuwa, daga baya a ƙarni na 14 aka rage su zuwa uku. Wadda ta shahara da karya dokar ita ce masarautar da 'yan yaƙin gicciye suka kafa a Ƙudus, gicciyen zinariya a kan azurfa, kuma don ta saɓa wa kowa ne har yau ake kawo ta misali. Kai ka karya ta a tutoci biyar cikin bakwai.

Sirrin dokar haske da duhu ne. Ido yana fara ganin bambancin haske kafin ya gane launi. Ja da kore, idan ka cire musu launi, tokarsu kusan ɗaya ce. Don haka kowace tuta ka gama, ka mai da ita baƙi da fari ka duba. In abin da ke kai ya nutse cikin filin, ba ta yi ba, komai kyanta. Ka kuma tuna da masu matsalar bambance launi: a cikin mazan da ke da asalin arewacin Turai kusan mutum 1 cikin 12 ne, kuma ja da kore ne suka fi rikita musu. Su ma za su sayi wasan.

Ni kaina na sha wannan. Na taɓa yi wa wasu masu wasa tutoci goma sha biyu, biyu daga ciki ɗaya shuɗiya ɗaya shunayya, duk da farin tsuntsu a tsakiya. Da rana a taswira ba laifi. Da aka kunna yanayin dare sai suka zama abu guda, masu gwajin wasan suka riƙa auka wa abokan ƙawancensu. Aikin mako guda na rushe, kuma har yau ina jin zafinsa, domin tun farko ya kamata in tambayi irin hasken da za a ga tutocin a ciki.

Tun daga nan ban ƙara dogara da launi kaɗai ba. Masarautu bakwai, to kowace ka ba ta yankan fili nata. Ɗaya a bar filin sak. Ɗaya a raba shi biyu a tsaye, ɗaya a kwance, ɗaya a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa. Wata ka ba ta faffaɗan layi a tsakiya, wata tsini irin na jinkar ɗaki, wata baki kewaye. Ko da launin ya mutu gaba ɗaya, yankan zai nuna wace ce.

Sai abin da za ka ɗora a kai. Guda ɗaya. Masarautar Kastil a Sifen hasumiyar ganuwa ta sa, domin sunanta ke nan, Liyon kuma ta sa zaki. Yaro ma ya gani sau ɗaya ya riƙe. Ka tuna da tutar Najeriya: zanen da Michael Taiwo Akinkunmi ya ci gasa da shi a 1959 yana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore, fari, kore. Kai kuma dodo ka sa, da kambi, da takubba biyu, da taurari, da rubutu. Zaɓi ɗaya ka cika filin da shi har ya kusa taɓa baki. Ka lura da zakin tsoffin garkuwoyi: ƙugunsa siriri kamar na karen farauta, ƙafafu a wawware, farata a buɗe, jela ta yi sama ta lanƙwashe. Masu zanen sun iya zana zaki mai ƙiba. Sun rame shi ne don launin fili ya riƙa leƙowa tsakanin gaɓoɓinsa, siffar ta fito daga nesa. Saboda haka ka fara zana dabbarka da baƙi zalla, ba ido ba gashi. In wanda ke wucewa ta bakin shago ya ce kada ne, ka ci gaba. In ya ce ƙadangare, sake.

Jerin nan da ake yawo da shi, wai ja jarumta ne shuɗi amana, kada ya ɗaure ka. Je wurin mai rubuta labarin wasan ka tambaye shi me mutanen kowace masarauta suke ci, me suke sayarwa, me suke tsoro. Fadama ba ta da haɗi da doki, ka ba ta farin kada a kan kore. Dutse kuwa kan dodon kaɗai, rawaya a kan baƙi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma zai zo maka. A irin wannan wasa ana cin gari, ana auren sarauta, ana mubaya'a, tuta kuma dole ta nuna waye ke ƙarƙashin wa. Wannan mun san shi a gida: bayan 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa ba malamai tuta, irin su Modibbo Adama da Buba Yero da Yakubun Bauchi, wanda ya karɓa kuwa kowa ya san inda izininsa ya fito. To hakiman kowace masarauta su riƙe launukanta biyu, su canza abin da ke kai. In masarautu biyu suka haɗe, a yi yadda aka yi wa Kastil da Liyon bayan sun dunƙule a hannun Ferdinand na Uku a 1230: a raba fili huɗu, hasumiya biyu, zaki biyu. Amma ka gaya wa mai haɗa wasan ya tsaya a huɗu. Akwai wani gidan sarauta a Ingila, gidan Grenville, da aka tara musu tambari 719 a garkuwa ɗaya, kallonta sai ka ce tabarma. Don duk wannan ya yiwu, ka ajiye fili daban, yanka daban, dabba daban, kowanne a shimfiɗarsa, yadda kwamfuta za ta iya harhaɗa su da kanta. Ka buɗe wasan Crusader Kings III ko na Bannerlord ka ga yadda suka tsara wurin ƙera tuta, za ka ƙaru.

Rubutu kuwa cire shi duka. Ba ya karantuwa, in iska ta juya tutar sai ya koma baibai. Na ga kuma ka kwaikwayi rubutun Larabci a tutar Masarautar Hamada. Wannan ina roƙonka ka bari. A cikin wasa ana ƙona tuta, ana tattake ta a ƙasa in an ci gari. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko a ranar makoki, saboda kalmar shahada da ke jiki. Kada hannunka ya sa aya ko sunan Allah a abin da doki zai bi ta kai, ko da dokin zane ne. Alamomin addinin wasu ma ka kiyaye su haka.

Dodonka kada ka goge shi, wurinsa babban hoton da ake nunawa kafin a shiga yaƙi, can za a ga wahalar da ka sha. Tutocin kuwa ɗauki takarda ka ja gidaje bakwai, kowanne girman kan sarki, ka zana su da alƙalami biyu kacal. Ka manna takardar a bangon shago, ka tsallaka titi ka duba. Ranar Asabar ka zo min da ita, da wayar da ta fi kowace tsufa a gidanku, a kanta za mu gwada.