Daga ina faɗuwar daula ke farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ya ake yi daula mai dukiya da sojoji da malamai ta faɗi a hannun mutanen da ba su kai ta komai ba? Ƙarfin abokan gaba ne ko matsalar daga gida take?
Daga wata ɗalibar tarihi

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni dai a ganina daga gida abin ke farawa, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ibn Khaldun, haifaffen Tunis da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi dogon bayani kan wannan a littafinsa Muƙaddima, ya danganta shi da abin da ya kira asabiyya, wato haɗin kan da ke sa mutum ya ji abin da ya taɓa ɗan uwansa shi ya taɓa. Mutanen hamada suna da shi sosai don in ba su riƙe juna ba halaka za su yi, da shi suke cin birni su kafa mulki. To amma jikokinsu a cikin jin daɗi aka haife su, sai ki ga sarki ya ture dangin da suka ɗora shi ya ɗauko sojan haya, su kuma sai an biya su, sai a ƙara wa talaka haraji, manomi ya ga ba riba ya bar gona, baitulmali ya ragu, a sake ƙara harajin. Ya ce yawanci zuriya uku ne, kusan shekara 120.

Dubi Andalus, wato yankin Spain da Musulmi suka mulka. Bayan halifancin Ƙurɗuba ya rushe a 1031 kowane gari ya yi sarkinsa, wasu har kuɗi suke biyan sarakunan Kirista na arewa don su kare su daga maƙwabcinsu Musulmi. Abin da ke ba ni takaici wallahi, lokacin ilimi da waƙa na bunƙasa a fadojinsu, babu abin da suka rasa sai yarda da juna. Birnin Toledo ya faɗa hannun Kirista a 1085, dole sarakunan suka kira Yusuf bin Tashfin, sarkin Musulmi a Maroko, da mutanensa na Sahara, ya yi nasara a Zallaƙa a 1086, daga baya ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba wai makami ba ya tasiri ba fa. Bindigogin Maroko sun yi wa Songhai ɓarna a Tondibi a 1591, sai dai tun a 1588 'ya'yan Askiya Dawud, tsohon sarkin Songhai, suka gwabza yaƙi a junansu kan sarauta, rundunar da ta fita filin daga ba ta gama farfaɗowa ba.