Ka karanta shi kamar boko, amma ka kula da jan wasali

Ƙanena, ka tambaye ni yadda muke karanta rubutun Japananci da ke cikin harafin boko, wanda su suke kira romaji. Abin da muke fara faɗa wa duk baƙon da ya sauka nan Nagoya ta Japan shi ne ya ajiye Turancinsa a filin jirgi, ya karanta kamar yana karanta Hausa. Wasulansu biyar ne irin namu, a i u e o, kuma ba sa sauya murya. Ai kai ma ba ka taɓa kuskuren kiran Yamaha ko Kawasaki ba.

Bature zai ce To-ki-yo, gaɓa uku. Mu da muke da "kyau" da "gyara" ba ruwanmu da wannan wahala: Too-kyoo. Ch ɗinsu c ɗinmu ce, shayi ocha ne a rubuce, oca a baki. F ta sunan dutsen Fuji kuwa da leɓe ake hura ta, tamkar ta Bakano.

Inda ake faɗuwa shi ne jan wasali. Ka san bambancin gari da garin tuwo. To su ma haka. Obasan gwaggo ce, obaasan kaka. A shekarata ta farko na ja wasalin nan wajen gaida wata maƙwabciya da ba ta wuce arba'in ba. Ta amsa da murmushi, amma sai da matata ta kai mata dambun nama kafin fuska ta saki. Abin haushi, allunan hanya sau da yawa ba sa sa ɗan layin da ke nuna ja a bisa wasali, kamar dai yadda mu ma ba ma rubuta ja. Baƙi biyu kuma a danne su, irin baba da babba: kite "zo", kitte kan sarki.

Ts ɗinsu ba tamu ta "tsuntsu" ba ce, babu matse maƙogwaro. T da s ne kawai a haɗe, tsunami a sassauce. U ta ƙarshe a desu, kalmar da suke yawan rufe jimla da ita, haɗiye ta ake yi, a ce des.

In ka ga wani ya rubuta Huzi maimakon Fuji, kada ka ce ya yi kuskure. Tsarin Kunrei ke nan, wanda gwamnati ta amince da shi a 1954. Na tashoshin jirgin ƙasa da fasfo shi ne na Hepburn, likitan mishan Ba'amurke da ya fitar da ƙamusunsa a 1867. Dutsen dai ɗaya ne, furucin ma ɗaya.

Ka gaida Inna.